Gawar da Ta Fasa Hancin Kofur

Taubashina Reijo Pöllänen ya mutu ya fi sau dubu, amma har gobe shi ke fara miƙa hannu in an yanka baƙin burodi.

Asalinsa mai saran katako ne a dazukan Kainuu, can ƙasarmu ta ƙanƙara. Ranar da injin sara ya cinye masa ƙafar hagu daga gwiwa, abin da ya ce kawai shi ne, "To." Ya ɗaure dungun da bel, ya kashe injin kada mai ya ƙone a banza. Haka mutanenmu suke. Namiji ya yi kukan ciwo ya fi tusa a ɗakin wankan tururi muni.

Wannan dungu shi ya samo masa aiki a bariki. Sojoji suna da wata manhajar kwamfuta, muguwa ce ta ƙin ƙarawa. Kullum da safe sai ta dafa yaƙi sabo fil don atisaye: ta nan abokan gaba za su ɓullo, can nakiya za ta tashi, wane zai jikkata, wane zai sheƙa. A rataya wa kowa katinsa. Mai jan kati ya yi ta ihu har a ɗaure masa rauni. Mai baƙi kuwa gawa ne, an hori sojoji su tsallake shi su wuce.

Reijo sai ya cire ƙafar roba da aka sa masa, a kwarara wa dungun jinin bogi, ya kwanta. Ihun ƙarya kam ya iya shi. Ya sha sa ƙarti amai, wani ma sai da ya kira sunan uwarsa.

Wata safiya manhajar ta ba shi baƙin kati, ta kwantar da shi a bakin gada cikin ƙanƙara, ƙafar roba a ɓoye ƙarƙashin bargo. Aka tayar da bam ɗin wasa kusa da shi. Ashe akwai tsohuwar wayar ƙarfe binne a wurin. Guntunta ya tashi ya tsarge masa cinyar dama, ƙafa ɗaya tilo da ta rage masa. Ya ji ɗumi yana bin wandonsa, alhali jinin bogi sanyi gare shi.

Ya ce, "To."

Sojoji suka taho da gudu, bindigogi na tashi kamar ana gasa masara. Na farko ya tsallake shi, na biyu ya taka masa yatsu. Jini ya gauraya da jini, wa zai bambance? Ya fara jin ƙafar tana yi masa nisa. In ya yi shiru ta tafi, wataƙila har da mai ita. In ya yi ihu na gaske kuma, da wane ido zai dubi jama'a?

Kofur Lassi, wani dogo mai surutu, ya durƙusa a bayansa ya mai da shi garkuwa.

Reijo ya ce a hankali, "Yaro, ina jin na ɗan ji ciwo."

"Haba Baba, gawa ba ta hira. Kwamfuta ta kashe ka tun kafin ka sha kofi."

"Da gaske nake."

"Ni ma da gaske nake. Ka mutu da mutuncinka mana, tsoho, ana kallonmu da kyamara ta sama."

Reijo ya buɗe baki zai kurma ihu, maƙogwaro ya ƙi. Ihun haya ne kaɗai ya saba fita. Sai ya laluba ƙarƙashin bargo ya jawo ƙafar roba, ya tattara ƙarfin saran shekara talatin, ya shimfiɗa wa Lassi ita a fuska. Hanci ya ce ɓaras, haƙori ya yi tsalle ya faɗa kogi. Lassi ya yi ƙarar da ta kori barewa har ƙasar maƙwabta.

Nan take aka busa usur, yaƙi ya tsaya. Likitar soja, Kyaftin Marjatta, ta rugo wurin mai hancin. Tana durƙusawa ta ga jinin gawa yana tururi a kan ƙanƙara. Ta ture Lassi gefe, ta shaƙe cinyar Reijo da maɗauri har ƙashi ya yi ƙara.

"Kai, dattijon banza, me ya hana ka magana?"

"Na yi," in ji shi. "Sau biyu ma."

Ƙafa ta tsira, da ɗinki kamar na buhun dankali. Ya koma aiki da bazara. Yanzu duk ranar da manhaja ta ba shi baƙin kati, Lassi da karkataccen hancinsa shi ke fara zuwa ya ɗauke ƙafar roba, ya kai ta nesa, sannan ya dawo ya tambayi gawa lafiyarta.