Ƙafar Yayana Tela

Yayana tela ne. Shekara talatin yana taka keke a wani ɗan shago mai taga ɗaya, kuma ban taɓa jin ya ce wa mai kawo ɗinki a'a ba. Amma in abu nasa ne na kansa, to, sai gobe. Haƙori ya yi ta ciwo har ya faɗi da kansa.

Wata rana allura ta soke shi a babban yatsan ƙafar dama, wadda yake taka keken da ita. Ga shi da ciwon sukari. Ya yagi ƙyalle daga ragowar yadi ya ɗaure, ya ci gaba da aiki. Da ƙafar ta kumbura sai ya koma takawa da hagu, har yana yi mini alfahari wai ya ƙware. Kai, mutumin nan!

Wata biyu ina fama da shi ya je asibiti. Kullum amsar ɗaya ce: "Bari in gama kayan mutane." Kayan mutane kuwa yaushe suka taɓa ƙarewa?

Ranar da na kai masa abinci na ji wari a shagon, na ɗauka ɓera ne ya mutu a bayan kabad. Ashe ƙafar ce. Raina ya ɓaci, na wanke shi tas, ba ruwana da girmansa. Ya sunkuyar da kai, can ya ce, "Ke, ba kasala ba ce. Tsoro nake ji. In na je za su yanke ta."

Na ce, "Yaya, kowa ka tausaya masa, saura kai. Manta da asibiti tukuna. Rufe keken nan kawai."

Ya ja zane ya rufe keken. Na ce mu fita bakin titi. Ya dafa kafaɗata muka fita. Mota ta tsaya, ya shiga ba gardama, sai asibiti.

Likita ya ce da mun ƙara sati guda, da rai ake magana. Suka yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa.

Da ya farfaɗo ya dubi inda bargo ya kwanta babu komai a ƙarƙashi. Na tsaya ina jiran ya fashe da kuka. Sai ya ce, "Kin san wata biyu rabona da barci irin wannan?"

Ni ce na fita waje na yi kukan.