Na'urar da ba a gabatar ba

Ina zaune a zauren Kawu Sani a Illela, ana gobe sunan 'yata, aka kira ni daga ofis a Abuja. An haɗa wa babbar kwamfutarmu sabuwar na'urar kaset ta adana bayanai, amma manhajar da ke kula da kaset ta ƙi ganinta. Idan ba a gyara ba kafin la'asar, dole in kama hanya, in rasa sunan.

Kawu, wanda ya daɗe yana saukar da fataken shanu daga Nijar, ya ce, "Mi yaf faru, ɗana?"

Na yi masa bayani a taƙaice.

"To ai baƙuwa ta! Kun gabatar da ita? Nan ko shanu ɗari mutum ya kawo, ba mai taya ko guda sai na ce ga sunanai, ga masaukinai."

Na yi murmushi, sannan na ɗauki waya. Na roƙi abokin aikina da ke ofis ya duba jerin na'urorin da manhajar ta sani. Ashe lamba da nau'in tsohuwar na'urar da aka cire ne a ciki. Yana sauya su, manhajar ta gane sabuwar.

Da ni aka raɗa wa 'yata suna Hafsatu.

Kawu bai taɓa kunna kwamfuta ba. Ku fa, wa ya taɓa haska muku aikinku alhali ba fanninsa ba ne?