Ranar da Kakata Ta Taya Masaukin Intanet

Ko da zan manta abubuwa da yawa na ƙuruciyata a Yelwa, ba na jin akwai ranar da zan manta yadda kakata ta shigo shagon intanet da ƙamshin hayaƙin banda a jikinta, ta ce sai ta yi ciniki da kwamfuta.

A lokacin ban daɗe da gama karatu ba, ina aiki a wani shago da mutane ke zuwa su biya su hau intanet. Ita kuwa kakata ita ce shugabar matan da ke bandar kifi a bakin ruwa. Tun ina goye take wannan sana'a, kuma duk wanda ya taɓa sayen tarwaɗa a hannunta ya san ba a cin ta a ciniki. Wasan jika da kaka ne tsakaninmu, ba ta kirana da komai sai angon banza, wai don ban taɓa saya mata ko ɗan kunne ba.

Akwai wata mata daga kudu da ta daɗe tana sayen kifinsu. Ita ta ce musu ta sami masu manyan shaguna da ke son kifin Yauri, amma ba za su yarda ba sai sun ga shafin ƙungiyar a intanet, da hotunan kifin da wurin da ake banda. Ta ma sa ranar da za ta zauna da su. Matan suka haɗa ɗan abin da suka tara, kakata ta tsaya a gabansu ta ce jikanta zai yi aikin, in ya lalace a kama ta. Kuɗin ba za su isa a gwada sau biyu ba. Sunanta ta ajiye jingina, ni kuma na san haka, shi ya sa abinci ma bai cika yi min daɗi ba a kwanakin.

Shafin kam na gina shi ba wata wahala. Abin da ya rage shi ne kamfanin da zai ba shi masauki, wato wurin da zai zauna har kowa ya iya buɗe shi. Na tace masu arha na fitar da uku da za su iya ɗaukar hotunanmu, amma na kasa zaɓa, don kowanne yana rantsuwa shi ne gwani. Da na yi wa kakata bayani cewa kamar hayar rumfa ce a kasuwa, sai ta ajiye tiren da ke hannunta.

"Rumfa? To ni ban taɓa kama rumfa ban ga mai ita ba. Gobe ina tahe."

Na ɗauka wasa take. Da hantsi sai ga ta da mayafinta na zuwa biki, ta ja kujera ta zauna kusa da ni, samarin da ke shagon duk suka daina abin da suke yi. Na nuna mata farashin kowanne. Ta kalli allon ta taɓe baki.

"Taya."

"Kaka, ba a tayi a nan. Farashin a rubuce yake."

"Wanda yar rubuta, mutum na ko aljani?"

"Mutum ne."

"To taya mishi. Amma ka hwara gaishe shi, kar ka hwaɗa mai kamar mara gida."

Shagon ya ɗauki dariya. Ni kuwa kunya ta rufe ni, amma wa ya isa ya musa wa wannan tsohuwa a gaban jama'a? Tana faɗa ina mayarwa da Turanci. Muka tambayi lafiyarsu, da iyali, da gajiya, da yadda kasuwa take. Muka gaya musu mu masu bandar kifi ne a bakin tafkin Kainji, ƙarfinmu kaɗan ne. Sannan ta taya rabin kuɗin, ko gezau. Na tura saƙon ga duka ukun ina addu'ar kar wani abokin karatuna ya taɓa jin labarin nan.

Na farko ya amsa kafin in ɗauke hannu. Na karanta mata: sun karɓi saƙonmu, ga lambar da za mu jira da ita a layi. Ta ce wannan ko gaisuwar bai ji ba, a bar shi da lambarsa. Na biyu, wanda ya fi kowa arha kuma shi zuciyata ta fi karkata gare shi, shiru kake ji. Ta jira har aka yi azahar, sannan ta tafi tana cewa mai rumfar da ba ya amsa sallama tun yana neman kuɗinka, ranar da rufi ya yi yoyo sai dai ka kwana a jiƙe.

Washegari na tarar da amsar na uku, wani ƙaramin kamfani a kudu. Mutum ne ya rubuta da hannunsa. Ya ce iyali lafiya, ya gode, kuma tun da ya fara aikin nan ba wanda ya taɓa tambayarsa gajiya. Rabi kam ba zai yiwu ba, amma zai rage kaɗan. A ƙarshe ya tambayi wane irin kifi muke bandawa. Da gudu na je bakin ruwa na same ta a gaban murhu.

"Ka gani? Wanga ɗan mutane na. Koma ka ce mishi shi ƙara ragewa."

"Kaka, ai ya rage!"

"Angon banza, ragin hwarko ai buɗe baki na."

Haka muka yi ta kai da kawowa, shi yana ja tana ja, har suka tsaya a inda kowa zai iya. Na ɗauka an gama, sai ta ce saura gyara. Wallahi sai da na rubuta masa bayanin mene ne gyara, cewa a wurinmu in an gama ciniki mai kaya yakan ɗora ɗan wani abu a kai. Ya amsa cewa dariya ta hana shi aiki, kuma ya ba mu adireshin imel da sunan ƙungiyar kyauta. Muka biya ta banki. Ita ma ta ce ba za a fi ta mutunci ba, ta cika kwali da zaɓaɓɓen kifi ta ba direban da ke zuwa garinsu.

Ranar zaman da masu shagunan, da safe na buɗe shafin don in ƙara dubawa. Rubutu ya fito, hotuna babu ko ɗaya. Na sake, na sake, janareta na ta ƙara a kunnena. Matar kudu ta bugo waya ta ce mutanenta suna hanya. A bakin ƙofa kuwa kakata ce da matan ƙungiyar, sun baro murhunsu sun zo jin sakamako. Tsohuwar nan sai murza bakin mayafinta take yi.

Na rubuta wa mutumin kamfanin. Ban gama share gumi ba amsa ta shigo. Ya ce in gaya wa Mama mai kifi ta kwantar da hankalinta, ya bar komai ya koma kan namu, kuma kifin ya iso, matarsa na godiya da miya. Can sai na ga hoton farko yana saukowa a hankali daga sama, tarwaɗa jere a kan wayar banda, jawur. Sauran suka biyo baya.

Bayan la'asar matar ta sake bugowa. Sun gani, sun yarda, suna son kaya duk wata. Wata cikin matan ta rangaɗa guɗa a tsakiyar shagon har mai wurin ya fito a firgice. Kakata ta miƙe ta taka rawa, ita da ke kukan gwiwa kullum, sannan ta kama kunnena ta ja.

"Yau dai ka biya sadaki."

Na yi dariya har hawaye suka zubo min, kuma ba duka na dariya ba ne. Daɗin da na ji da ganin ta fita daga shagon nan kanta a sama, matan suna biye da ita, ban san da me zan kwatanta shi ba.

Yanzu aikina ke nan, na zaɓa wa mutane masauki ba adadi. Ina duba girman wuri da sauri da farashi kamar kowa. Amma kafin in biya, sai na tura gaisuwa da 'yar tambaya in ga wa zai amsa. Arha tana da daɗi, sai dai ranar da abu ya lalace, ba farashi ne zai tashi ya gyara maka ba, mutum ne.