Kujerar Kaka da Sawun Kaza

A gidanmu na ƙauye, can bayan Kwoi, ba a ba mai zaman banza tatsuniya. Lokacin haƙar citta, da an gama cin tuwon acca sai a juye buhu a tsakar gida, a miƙa wa kowane yaro wuƙa, a hau tsaga citta don ta samu shanya da safe. Kaka Ladi, mahaifiyar babana, ita ce mai hura wuta kuma mai ba da labari. In ta ga hannun wani ya tsaya, ita ma bakinta sai ya tsaya, ko da kura ta kusa cafke mutum a labarin. Ni Iliya, in labari ya yi daɗi nakan saki baki, sai yayata Rifkatu ta zungure ni da gwiwar hannu.

Abu biyu ba sa rabuwa da Kaka a bakin wutar nan. Na ɗaya kujera ce 'yar tsugunno, ta icen kirya, wadda zama ya goge ta har tana sheƙi. Na biyu wani dogon ƙarfe ne da take tona garwashi da shi, tana jawo mana gasasshiyar gwaza. A bakin ƙarfen maƙeri ya ƙera wata alama kamar sawun kaza. Na kakanmu ne, Baba Yohanna, masassaƙi, wanda ya rasu tun babana yana firamare. Bai iya rubutu ba, sawun kazar nan shi ne sunansa. Yakan sa ƙarfen a wuta ya yi ja, ya danna a gindin turmi ko kujera, har da ƙotar gizagonsa da ta gatarinsa, don masu aro kada su ce sun manta mai shi.

A garinmu in ana biki ko makoki, gida-gida ake bi ana kwashe kujeru. In taro ya watse sai a kifa su, kowa ya duba alamar masassaƙin gidansa ya ɗauki tasa. Wadda ba ta da alama ta zama ta kowa, ƙarshenta murhun masu dafa shinkafa. Kujerar Kaka ba ta da alama ko ɗaya, shi ya sa ba ta taɓa ƙetare ƙofar gida ba. Ko matar fasto ta aiko, Kaka cewa take yi, “A ɗauki duka, amma wannan ba ya fita.” Tsoronta kenan kullum, ranar da ba ta nan wani zai ɗauke kujerar ya kai taro, ta tafi kenan.

Wata yamma na tambaye ta me ya hana ta danna wa kujerar alama, tunda ga ƙarfe a hannunta, ga wuta. Ta harare ni ta ce, “Mijina, kai da bakinka. Tsaga citta, ga labari nan tafe da ƙafarsa.” Muka ce ya iso mu ba shi wuri.

Ta ce an yi wani masassaƙi mai gaggawa, wanda ya ga ana yabon alamar maƙwabcinsa a kasuwa, sai ya je wurin maƙeri aka yi masa tasa, ƙatuwa kamar tafin hannu. Da safe ya sare ɗanyen ice, da rana ya fafe turmi, da yamma ya danna suna, washegari yana kasuwa. Mata suka yi ta saye, shi kuma yana ta ƙiba. Da rani ya tsaya, ice ya bushe, sai turamen suka fara tsagewa ɗaya bayan ɗaya, hatsi na zubewa ta gindi. Matan suka jefar da su bayan gida.

A nan Kaka takan rage murya ta buga ƙarfen a ƙasa. Gidim, gidim. Turamen ne suka tashi, suna mirginowa a jere, suna waƙa: “Mai suna buɗe ƙofa, 'ya'yanka sun dawo gida.” Mutumin ya leƙa, ya ga sun cika masa ƙofa. Ya ce bai san su ba, sai suka kifa kansu suka nuna masa gindi. Ya ɗauko gizago zai kankare alamar, ashe wuta ta ci ciki sosai. Ya gudu wani gari, suka bi shi. Ya shiga coci, in ji Kaka, suka zauna a benci na baya suna jiransa. A nan mukan fashe da dariya, Rifkatu ta ce ai zamanin da babu coci. Kaka ta ce, “Ke kina wurin ne?”

Da gudu ya ƙare masa, sai ya zauna ya sake sassaƙa wa kowace mace turmi da busasshen ice, ya ce su tafi da shi haka nan babu suna, in ya ci damina ya ci rani bai tsage ba, su dawo da shi. Duk turmin da ya dawo lafiya ya sa masa alama, sai tsohon turmi guda ya mirgina ya shige daji. Haka har ƙofarsa ta buɗe.

“To haka kakanku yana yi,” in ji ta. “Ba ya sa suna ranar da ya gama aiki. Sai abu ya zagaya shekara, a kawo masa, ya ƙwanƙwasa ya ji, sannan ya sa wuta. Kujera nan ya yi mini shi da kaka, da bazara Ubangiji ya kira shi. Bai ga dawowarsa ba.” Na ce to ita ta danna mana. Ta ce ƙarfen masassaƙi sai hannun masassaƙi, kuma cikin 'ya'yanta ɗaya malamin makaranta ne, ɗaya yana reluwe a Kafanchan, ɗaya fasto, babu wanda ya san inda ake kama gizago. Daga nan ta tona toka ta raba mana gwaza, ta ce wuta ta yi barci, labari ma ya yi, kowa ɗakin uwarsa. Ranar na ji tausayinta, amma gwazar ta fi ɗauke mini hankali.

Yau ni kafinta ne a Kafanchan. Na sha zarto da guduma a hannun wani maigida a Kachia kafin na buɗe shagona, kuma har yanzu nakan taɓa sassaƙa in na samu ice mai kyau. Bara na ba da aka ƙera mini hatimin ƙarfe mai haruffan sunana, wanda ake ɗorawa a kan gas ya yi zafi. Na fara da kayan aikina, domin maƙwabtana kafintoci in sun ari zarto sai ya zama ɗan gidansu. Da Kirsimeti na tafi da shi ƙauye ina taƙama, na nuna wa Kaka. Ta tsufa ƙwarai, ido ya yi rauni, amma bakin yana nan. Ta shafa haruffan da yatsa ta ce, “Duk wannan sunanka ne? Ya yi yawa. Kana jira damina kuwa?”

Na ce mata mutanen birni ba sa dawo da tebur a duba, amma katakona sai ya shekara a jingine a shago kafin in taɓa shi. Ta ajiye hatimin a gefe. Can ta ce in kama ta ta tashi. Ta kifa kujerar a gabana ta ce, “Ƙwanƙwasa ka ji.” Na ƙwanƙwasa ta ko'ina. Babu tsaga, gara ba ta taɓa ta ba. Na ce, “Kaka, ta ci damina, ta ci rani.” Na kai hannu ga hatimina, sai ta buge hannun.

“Ba aikinka ba ne, mijina. Hannunka kawai na ara.”

Ta zaro tsohon ƙarfen daga garwashi, bakinsa ya yi ja, ta miƙo mini. Na danna shi a gindin kujerar, hayaƙi ya tashi da ƙanshin kirya. Rifkatu da 'ya'yanta suna tsaye suna kallo. Kaka ta jira wurin ya huce, ta bi sawun kazar da yatsa, ta ce, “To, Yohanna, ka gama.”

Ina yaro na ɗauka tatsuniyar gargaɗi ce kawai ga mai gaggawa. Sai da na girma na gane cewa duk abin da ka sa wa suna ka yarda ya san hanyar gidanka, ko ya dawo maka da kunya ko ya dawo da daɗi. Washegarin Kirsimeti ana bikin aure a unguwa, 'yan mata suka zo kwasar kujeru, Kaka da kanta ta miƙa musu tata. Ta wuni a kan tabarma tana cewa ba komai, amma kunnenta yana ƙofa. Kafin rana ta faɗi sai ga wata tsohuwa, sa'arta, ta shigo da kujerar a ka. Ta ce an kifa kujeru ana rabo, yara ba su gane alamar ba, ita kuwa tana gani ta ce a ba ta, wannan sawun kazar Yohanna ne, ta san gidan. Kaka ta karɓa, ta ajiye ta a bakin wuta ta zauna, ta ce a miƙo wa yaran nan wuƙaƙe.