Ubale, Kunya Ta Sa Na Ci Amanar Karnukanka

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Ranar Laraba, 9 ga Yulin 2025, bayan la'asar, Allah ya karɓi ran Malam Ubale mai lambu na Yako, bayan wata biyar yana jinyar shanyewar ɓarin jiki.

Ubale, shekara talatin ina dillancin albasarka, ban taɓa kwance buhunka na tarar da ruɓaɓɓiya a ƙasa ba. Ni kuwa da na san abin da mutane ke ɓoyewa a gindin buhu, wannan shaidar ba ƙarama ba ce. Matan unguwa ba su sayen kayan miya ranar da ka yi tsinka, don kyauta kake raba musu. Shekarar da rafi ya tafi da shukar maƙwabcinka, irinka ka raba biyu ka ba shi.

Sai karnukanka biyu, Ƙyale-su da Duna, da suka tsare maka lambu shekara tara. Ba ka taɓa shigar da su ɗaki ba, kana wanke hannu yadda addini ya ce, amma ba ka cin tuwo sai ka yaga musu. Da ciwo ya kwantar da kai na zo dubiya, ka riƙe ni da hannun da ya rage, ka ce, “Uzairu, in ta Allah ta kasance, ka kai su Burumburum wurin Hamma Bafulatani. Mun yi magana, za su bi masa shanu.” Na ce ka faɗa gaban liman, ko a rubuta. Ka yi dariya da rabin baki: “Wa ya taɓa kiran liman kan wasiyyar kare?”

To, ni ma abin da ya ci ni ke nan. A zaman makoki, malamai jere kan tabarma, ana ta salati, ta ina zan buɗe baki in ce “af, karnuka fa”? Ni da nake sayar wa mutum abin da bai zo saye ba, sai ga shi bakina ya mutu. Na ce a raina, bari sai an yi sadakar bakwai.

Rana ta huɗu masu sayen karnuka, da kejin ƙarfe a bayan babur, suka ratso gari. Kowa ya san inda suke kai kare. Da na je ranar bakwai, igiya kawai na tarar a gindin mangwaro. Na tambayi babban ɗanka Surajo, ya ce, “Baba Uzairu, kukansu ya hana baƙi sakat. Liman ya ce ba sa cikin gado, to na wa ne?” Keken guragunka kuwa, har an sami mai so tun kafin a yi rabo.

Ban zage shi ba. Da wane baki? Shi bai ji wasiyya ba, ni na ji. Jiya Hamma ya zo kasuwa da igiyoyi biyu sababbi, na ɓuya bayan buhuna kamar ɓarawo.

Allah ya jiƙanka, Ubale, ya haskaka kabarinka, ya sa jinya ta zama kaffara. Ina miƙa ta'aziyya ga mai ɗakinka Luba, da Surajo da ƙannensa, da jama'ar Yako. Allah ya ba mu haƙuri. Ni kuma ya yafe mini, don ranar da za a tambaye ni amanar nan, babu tabarmar malaman da zan fake da ita.