Kawu Alu da Gwiwoyin Inna Hajjo

Duk wanda ya san Kawu Alu a Tajaye ya san ba ya wuce ganye bai ɗanɗana ba, musamman wanda akuya ta ƙi. Sai ya tsoma kan tsinke a ruwan ganyen, ya ɗiga a harshe, ya tsaya jiran abin da zai same shi. "Dahi magani ne da ya yi yawa," in ji shi.

Ba boka ba ne fa, manomi ne. Gwiwoyin matarsa Inna Hajjo ne suka kumbura har ta koma salla a zaune, shi kuwa ya rantse sai ya samo mata magani a daji. Amma ba zai ba ta komai ba sai ya gwada a jikinsa.

Ya fara da nonon tumfafiya. Ya shafa a gwiwarsa, fata ta saluɓe, ya koma tafiya a tale. Na ce, "Kawu, ai gwiwarka lahiyarta lau."

"Da can," ya ce. "Yanzu na samu wurin gwaji."

Sai 'ya'yan cini-da-zugu. Ranar kasuwar Konni ya haɗiye su, muka hau amalanke. Kowace gona sai mun tsaya ya ruga bayan geza. Da muka isa, masu tumatir na naɗe buhu. Ya ce maganin ya yi kuskuren hanya ne kawai.

Zaƙami ne ya fi muni. Ya durƙusa gaban jakin maƙwabci yana gaishe shi da sunan maigari, daga nan ya faɗi, bai san inda yake ba har washegari. Da ya farfaɗo muka ba shi labari.

"Jakin ya amsa?"

"A'a."

"To, awon bai wuce ba."

Mu muka yi ta dariya, Inna Hajjo ba ta yi ba. Ta ce ya miƙo mata wani man shafawa da ya haɗa bai kai ga gwadawa ba, ta gaji da jira. Ba a yi sati ba sai ga ta tana salla a tsaye, har da sujada. Kawu ya jefar da tsinke, ya cika gari da labari, har ya rasu bara bai sake lasar ganye ba.

Bayan sadakar bakwai na shiga gaishe ta, na tarar tana salla a zaune, ƙafafu a miƙe. Da ta sallame na ce, "Inna, ciwon ya dawo?"

"Ina ya tahi? Man nan ko buɗe shi ban yi ba. Da na bar Kawun naku, da ya kashe kanshi."

Idona ya cika da hawaye. Allah ya jiƙan Kawu, ya sa ya huta. Ita kuma Allah ya karɓi sujadar nan da ta yi da haƙora a cije.