Injiniya a Kan Benci

Kwana uku ke nan Safara'u tana hango shi ta saman tafiretarta, zaune a kan bencin ma'aikatar. Dogo ne, duk ya rame, sanye da kwat irin ta ƙasar sanyi cikin wannan zafi na Kaduna. In ya buɗe fayil ɗinsa tana ganin zanen tauraron ɗan'adam, da lissafin yadda ƙarfe zai jure girgizar tashi da zafin rana. Da gani gwamnati ce ta tura shi karatu waje, ya dawo ya tarar ta manta dalili.

Fankar tebur tana ta karkarwa. Ya miƙe ya ɗora mata yatsu biyu, ido rufe, kamar mai duba zazzaɓin ɗansa. Ya ninke hankicinsa ya cusa ƙarƙashin gefe guda. Tsit!

Daraktan da yake jira tun Litinin ya leƙo.

"Af, ashe mai gyara ne? Safara'u, yi masa kwatancen gidana a Mando, firjin Hajiya ma ƙara yake yi."

Mutumin ya rufe fayil ɗinsa a hankali.

"Ranka ya daɗe, ƙarfe nawa zan zo?"